Zaɓen cike gurbi na Legas a 1941: yaya kujera ɗaya ta wargaza jam'iyyar NYM?

Tambaya: A tarihin siyasar Najeriya ana yawan cewa wani zaɓen cike gurbi da aka yi a Legas a 1941, bayan wani ɗan majalisa ya yi murabus, shi ne mafarin siyasar ƙabilanci. Wace majalisa ce wannan, yaya ake cike gurbi a zamanin Turawa, kuma me ya sa ba a jin sunan ɗan Arewa ko ɗaya a cikin labarin?

Amsa: Malam, zaɓen da kake nufi an yi shi ne ranar Laraba, 5 ga Maris 1941. Dokta Kofo Abayomi, ɗaya daga cikin wakilan Legas uku a Majalisar Dokokin Najeriya, shi ne ya ajiye kujerarsa don ya tafi Ingila ya ƙware a aikin likitan ido. Mutum biyu suka nemi gurbin, Ernest Ikoli da Samuel Akisanya, dukansu daga jam'iyya ɗaya, wato Nigerian Youth Movement, wadda aka fi sani da NYM, kuma dukansu suna cikin waɗanda suka kafa ta. Ikoli ya samu ƙuri'a 523, Akisanya ya samu 411. Maganar cewa daga nan ƙabilanci ya fara, rabinta gaskiya ne. Ƙabilanci ya shigo, kuma ya yi ɓarna, amma abin da ya buɗe masa ƙofa shi ne jam'iyyar tana da hanya biyu ta fitar da ɗan takara, hanyoyin suka ba da suna biyu, kuma babu wanda doka ta ba ikon raba gardamar.

Sai an san majalisar kafin a gane girman abin da ake faɗa a kai, ko kuma ƙanƙantarsa. An kafa ta ne a ƙarƙashin tsarin mulkin 1922 na Gwamna Hugh Clifford. Kujerunta 46. Guda 27 na jami'an gwamnati ne, har da Gwamna da kansa, wanda shi ne ke shugabantar zama. Sauran 19 na waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba ne, amma a cikinsu 15 Gwamna ke naɗa su, wasu 'yan ƙasa, wasu Turawan da ke wakiltar 'yan kasuwa da bankuna da kamfanonin jiragen ruwa da masu haƙar ma'adinai. Kujera 4 kaɗai ake zaɓa: 3 a Legas, 1 a Kalaba. Jami'an gwamnati kuwa ba su da zaɓi, inda Gwamna ya karkata nan suke jefa ƙuri'a. Don haka ko da duk 19 ɗin nan sun haɗa kai, 27 ta fi su. Zaɓaɓɓen wakili ba ya iya hana doka wucewa. Abin da yake da shi shi ne baki: ya yi tambaya a tilasta wa sakataren gwamnati ya amsa a fili, ya soki kasafin kuɗi, ya kawo ƙudiri ko da za a kayar da shi, washegari jaridu su buga. A wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin babu wani dandali a ƙasar da baƙar fata zai tsaya gaban Gwamna ya ce ba a yi daidai ba, kuma a rubuta maganarsa a kundin gwamnati.

Wa ke jefa ƙuri'a? Sharuɗɗan huɗu ne. Ya zama namiji. Ya kai shekara 21. Ya zama talakan Sarkin Ingila ko ɗan asalin ƙasar da ke ƙarƙashin kariyar Ingila, kuma ya zauna a cikin garin wata 12 kafin rajista. Sannan abin da yake samu a shekara ya kai fam 100. Wannan na ƙarshe shi ne rariyar da ta tace kowa. Fam 100 a shekara ya kama fam 8 da sule 6 da kwabo 8 a wata. Lebura mai karɓar sule guda a yini, in ya yi aiki kwana shida a mako shekara ta zagayo bai yi fashi ba, abin da zai tara fam 15 ne da sule 12. Sai ya ninka wannan fiye da sau shida kafin a rubuta sunansa. Ƙananan akawuna da malaman makaranta da yawa ma ba su kai ba. Matan kasuwar Legas, waɗanda wasunsu sun fi lauyoyi juya kuɗi, kuma su ne ƙashin bayan Herbert Macaulay, wanda ya kafa jam'iyyar NNDP, a taruka da zanga-zanga, ba su da ƙuri'a ko guda.

Akwai wani tarnaƙi da mutane ke mantawa. Rajistar ba ta dindindin ba ce, kowace shekara ake sabunta ta, kuma mutum da kansa zai je ya ce samuna ya kai fam 100. To tun 1927 aka fara karɓar harajin kuɗin shiga a Legas. Ɗan kasuwar da ya faɗa wa mai rajista cewa yana samun fam 100 ya san maganar ba za ta ɓuya ga mai haraji ba. Ga shi kuma kujerar ba ta sauya doka. Shi ya sa rajistar da ta kai wajen mutum 4,000 a zaɓen farko na 1923 ta yi ta raguwa maimakon ta ƙaru. Ƙidayar 1931 ta nuna Legas na da mutane kusan 126,000. A zaɓen 1941 ƙuri'un 'yan takarar biyu in an haɗa 934 ne. Ko mutum ɗaya cikin ɗari bai cika ba.

Yadda ake cike gurbin kuwa ba shi da wuya a takarda. Majalisar ba ta da kakaki irin na yau, saboda haka mai murabus Gwamna yake rubuta wa, da sa hannunsa. Gwamnan lokacin shi ne Bernard Bourdillon, wanda ya riƙe Najeriya daga 1935 zuwa 1943. A nan ma mulkin mallaka ya fi uwar gijiyarsa sauƙi, domin a majalisar wakilai ta Ingila ɗan majalisa ba ya iya yin murabus kai tsaye tun wani ƙudiri na 1624; sai dai ya nemi a naɗa shi wani muƙamin suna kawai na gidan sarauta, irin na Chiltern Hundreds, wanda riƙe shi ke haramta masa zama a majalisa. A Legas takarda ɗaya ta isa. Da kujera ta zama babu kowa, gwamnati ke sanar da ranar tsayar da 'yan takara da ranar zaɓe, jami'in da aka ɗora wa aikin ya karɓi sunaye. Mai son takara yana buƙatar masu rajista uku su tsayar da shi, ya kuma ajiye fam 10. In mutum ɗaya ne ya fito, ya wuce ba hamayya. In sun fi ɗaya a kaɗa ƙuri'a, wanda ya fi yawa ya ci, babu zagaye na biyu, babu sharaɗin samun rabi.

Ka lura da abin da babu a cikin wannan jerin: babu jam'iyya. Dokar ba ta san NYM ba, ba ta san NNDP ta Macaulay ba. Mutum ta sani, da masu tsayar da shi uku, da fam gomansa. Jam'iyya ƙungiya ce ta ganin dama, kamar ƙungiyar 'yan gari ko ta 'yan kasuwa, abin da ta yanke a ɗakin taronta bai ɗaure jami'in zaɓe ba. Duk wanda jam'iyya ta hana, in yana da abokai uku masu rajista da fam 10, gobe zai iya tsayawa.

Wani abu kuma da ya ƙara wa gurbin daraja shi ne wa'adi. A yau wanda ya ci zaɓen cike gurbi ragowar wa'adin wanda ya gada yake ƙarasawa. A wancan tsari shekara biyar ɗin daga ranar da aka zaɓi mutum take farawa. An zaɓi Abayomi a Oktoba 1938, wa'adinsa zai ƙare a 1943, amma magajinsa zai zauna har 1946. Shi ya sa a 1943 ba duk kujeru huɗun aka yi zaɓensu ba. Kujerar Ikoli ba ta kai lokaci ba, haka ma ta Jibril Martin, lauyan nan Musulmi kuma jigo a Ahmadiyyar Legas, wanda ya ci zaɓen cike gurbi a 1940 bayan rasuwar Olayinka Alakija. Wato wanda ya samu gurbin Abayomi ba rabin tuwo ya samu ba, cikakkiyar malmala ce.

Yanzu ga jam'iyyar. An kafa ta a 1934 da sunan Lagos Youth Movement, kuma abin da ya haɗa su tun farko shi ne ƙorafi kan Babbar Kwalejin Yaba, wadda suke ganin takardar shaidarta za ta bar ɗan ƙasa har abada a matsayin mataimakin Bature. Manyan da suka kafa ta su ne Dokta J. C. Vaughan da H. O. Davies da Ikoli da Akisanya. A 1936 ta koma NYM, ta fara buɗe rassa a wajen Legas. A 1937 Nnamdi Azikiwe ya dawo gida daga Akara, ya fara buga jaridar West African Pilot a watan Nuwamba, ya shiga jam'iyyar, Ibo da yawa suka biyo shi. A 1938 NYM ta yi abin da ba a taɓa yi ba: ta kayar da NNDP, wadda ta riƙe kujerun Legas uku tun 1923, ta kwashe su duka da H. S. A. Thomas da Abayomi da Olayinka Alakija. Ita ce ƙungiyar siyasa ta farko da ta yi ƙoƙarin zama ta Najeriya gaba ɗaya da gaske, ba ta Legas kaɗai ba.

'Yan takarar biyu ba iri ɗaya ba ne ko kaɗan. Ikoli ɗan ƙabilar Ijo ne daga Nembe a yankin Neja Delta, an haife shi a 1893, ya yi karatu a King's College ta Legas, ya kafa jaridar African Messenger, ya zama editan farko na Daily Times a 1926. Mutumin alƙalami ne, kuma ya daɗe da zama ɗan gida a wurin lauyoyi da likitocin Legas. Akisanya Bayarabe ne ɗan Ijebu Remo daga garin Isara, an haife shi a 1898. Ƙarfinsa a ƙasa yake: ya yi aikin shirya ƙungiyar masu sayen amfanin gona, ya kuma shugabanci ƙungiyar masu motocin sufuri shekaru da dama. Mutanen tasha da kasuwa sun san shi. Lokacin da gurbin ya faɗo, Ikoli ne shugaban jam'iyya, Akisanya mataimaki.

A nan aka samu hanya biyun. Ta farko al'adar jam'iyya ce ta bin girma: in kujera ta samu kuma shugaba yana so, shi ke gaba. Da wannan, magana ta ƙare, Ikoli ne. Ta biyu ita ce babban taron 'yan jam'iyya, inda ake kaɗa ƙuri'ar fidda gwani. An yi taron, mutum uku suka tsaya. Akisanya ya samu 108, Ikoli 60, Dokta Akinola Maja 37. Jimla 205. Ka haɗa na Ikoli da na Maja, 97 ne, ba su kamo Akisanya ba. Wato ba a ce ya ci ne don abokan hamayyarsa sun raba ƙuri'a ba, fiye da rabin ɗakin ya samu. Sai dai kwamitin zartarwa yana da ikon duba sakamakon taro kafin ya tabbata, kuma kwamitin, inda Davies da Obafemi Awolowo suke da nauyi, ya tsayar da Ikoli. Akisanya ya taya shi murna da farko, daga baya ya janye ya shiga takara, Azikiwe da jaridarsa suna bayansa.

A ganina babban kuskuren a jerin matakan yake. In al'adar bin girma ita ce doka, to bai kamata a kira taron ƙuri'a ba sam. Sai kwamiti ya ce shugaba ya nuna sha'awa, an rufe. Mutane za su yi gunaguni, amma babu wanda zai riƙe lamba a hannu. In kuwa an kira taro an ƙirga hannu, to an riga an gaya wa mutum 205 cewa ra'ayinsu ne zai yi aiki. Soke shi bayan an ƙirga ya bai wa wanda aka hana makamin da ya fi kowane kaifi, wato 108 da 60, lambobin da yaro ma zai gane. Kowane ɓangare yana da hujja ta gaskiya daga cikin tsarin jam'iyyar: waɗannan suna cewa kwamiti ne ke da maganar ƙarshe, waɗancan suna cewa taro ne uwar kwamiti. Ga shi babu kotun da ke sauraron rikicin fidda gwani, babu hukumar zaɓe da ke karɓar suna ɗaya daga jam'iyya. Alƙalin da ya rage shi ne akwatin zaɓe da shafin jarida.

Jaridun kuwa suna da tsohuwar jiƙaƙƙa. Pilot ta Azikiwe ta fara fita a ƙarshen 1937, ta karɓu nan da nan, kuma tana ɗaukar kanta muryar matasan. A 1938 sai jam'iyyar ta fito da Daily Service a matsayin jaridarta ta hukuma, Ikoli ne edita. Masu karatu a Legas ba su da yawa, masu ba da talla ma haka. Duk kwabon da aka sayi Daily Service da shi daga aljihun Pilot ya fita. Azikiwe bai ji daɗin wannan ba, har ya taɓa neman sauka daga kwamitin zartarwa a 1939 da hujjar harkokin kasuwancinsa. Saboda haka a 1941 ɗan takarar da kwamiti ya tsayar shi ne editan jaridar da ke cin kasuwar babban mai goyon bayan ɗaya ɗan takarar. Ba sai an nemo ƙabila ba kafin a ga inda wutar za ta kama.

To ina ƙabilancin ya shigo? Ta bakin bayani. Ɓangaren Akisanya ya ce an hana shi ne don shi ɗan Ijebu ne, kuma manyan Yarbawan Legas ba su taɓa ɗaukar Ijebu a bakin komai ba. Wannan zargi ba daga iska ya zo ba. Akwai tsohon raini tsakanin gidajen Legas masu boko tun ƙarni na 19, waɗanda da yawansu zuriyar waɗanda suka dawo daga Saliyo da Barazil ne, da mutanen da suka shigo daga ƙauyuka neman kuɗi. Ijebu sun yi suna da kasuwanci da riƙon kuɗi, ana yi musu ba'a a kai, kuma tarihin tare hanyar fatauci tsakanin gaɓar teku da cikin ƙasa, wanda ya kai ga yaƙin da Turawa suka yi da su a 1892, bai gushe daga zukata ba. Ibo ma baƙi ne a Legas, suna jin irin wannan rainin. Da aka ce an danne ɗan Ijebu, Ibo suka ji da su ake.

Amma ka duba yadda mutanen suka jeru. Wanda ake cewa Yarbawan Legas sun fifita, Ikoli, ba Bayarabe ba ne, ɗan Ijo ne daga Lardunan Gabas, ɓangaren ƙasar da Azikiwe ya fito. Wanda aka hana Bayarabe ne. Azikiwe, Ibo, yana bayan Bayarabe. Awolowo kuwa, ɗan Ikenne, wato shi ma Ijebu Remo ne kamar Akisanya, yana bayan ɗan Ijo, yana adawa da ɗan yankinsu. In da ƙabila ce ke jan akalar shugabannin, da an ga akasin haka. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne shugabannin sun rabu ne kan tsarin jam'iyya da jarida da kishin juna, amma da aka zo neman magoya baya, kiran ƙabila ya fi saurin tara jama'a fiye da bayanin ikon kwamitin zartarwa. Kuma da mabiya suka fice, bisa layin ƙabila suka fice: yawancin Ibo suka bi Azikiwe, Ijebu da dama suka bi Akisanya. Abin da ya rage a NYM ya zama kusan na Yarbawa zalla, ba don an kafa ta haka ba, sai don sauran sun tafi. Wannan shi ne rabin gaskiyar da ke cikin abin da ka karanta.

Akwai tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta: yaya wanda ya ci 108 da 60 a cikin jam'iyya ya faɗi 411 da 523 a akwati? Domin masu ƙuri'ar ba ɗaya ba ne. Shiga taron jam'iyya ba ya buƙatar fam 100. Direba da ƙaramin akawu da mai awon koko duk suna iya ɗaga hannu a can, kuma nan ne ƙarfin Akisanya yake. Ranar zaɓe kuwa sai wanda ya tsallake rariyar nan: lauyoyi, likitoci, manyan akawuna, masu gidajen haya, manyan 'yan kasuwa, har da waɗanda ba su taɓa shiga NYM ba. Waɗannan sun fi kama da mutanen kwamiti fiye da mutanen taro. Ana iya cewa kwamitin ya karanci masu zaɓe daidai, ya tsayar da wanda zai ci. Sai dai tazarar 112 ce kawai. Da mutum 57 sun sauya ra'ayi, da labarin ya juye. A irin wannan ƙaramar rajista kowane mai ƙuri'a an san gidansa, an san cocinsa ko masallacinsa, an san wanda yake bin bashi, kamfen ɗin na bi gida-gida ne, kuma duk maganar da aka yaɓa wa mutum a jarida washegari za a haɗu da shi a kotu ko a wurin biki. Shi ya sa raunin bai warke ba.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Akisanya ya koma gida ya zama Odemo na Isara, wato sarkin garinsu, a cikin shekarar. Pilot da Daily Service suka ci gaba da jifan juna shekara da shekaru, kuma daga 1943 S. L. Akintola ne editan Daily Service. A Agusta 1944 aka kafa jam'iyyar NCNC, Macaulay shugaba, Azikiwe babban sakatare, wato Azikiwe ya haɗe da tsohon da NYM ta kayar da jam'iyyarsa a 1938. A 1945 Awolowo da abokansa suka kafa ƙungiyar Yarbawa ta Egbe Omo Oduduwa a Landan, aka ƙaddamar da ita a Ile-Ife a 1948, daga cikinta jam'iyyar Action Group ta fito a 1951. Kujerun Legas ma suka suɓuce wa NYM: a 1945 Dokta Abubakar Olorun-Nimbe ya ci ɗaya a ƙarƙashin NNDP, a 1947 kuma shi da Azikiwe da Adeleke Adedoyin suka kwashe duka ukun. Ba daidai ba ne a ɗora duk wannan a kan zaɓen 1941. Yaƙin Duniya na Biyu, tsadar rayuwa, yajin aikin gama-gari na 1945 da raba ƙasa shiyya uku duk sun taka rawa, kuma raba Kudu gida biyu, Gabas da Yamma, Bourdillon ya yi shi tun 1939. Amma gabar da ke tsakanin Azikiwe da Awolowo, wadda ta bi siyasar ƙasar nan har zaɓen 1979 da na 1983, a wannan gurbi ta fara fitowa fili.

Batun Arewa kuma, amsar a cikin tsarin Clifford take. Majalisar tana yin doka ne don Legas da Lardunan Kudu. Lardunan Arewa Gwamna ke yi musu doka da sanarwarsa shi kaɗai, a zartar ta hannun Razdan da Di'o da hukumomin En'e. Kasafin kuɗin ƙasa gaba ɗaya yana bi ta majalisar, don haka ana tattauna kuɗin da ya shafi Arewa, amma masu magana da yawunta Turawa ne: babban jami'in Lardunan Arewa da manyan Razdanoni, sai wakilin ƙungiyar 'yan kasuwar Kano da na masu haƙar ma'adinai. Kafin 1922, a majalisar shawara da Lugard ya kafa bayan haɗewar 1914, an ba Sarkin Musulmi da Sarkin Kano kujera, ko da yake majalisar ba ta da iko kuma da Turanci ake zamanta. Da Clifford ya rushe ta, sai aka shafe shekara 25 babu ɗan Arewa a majalisar ƙasa. NYM ta buɗe rassa a Kano da Zariya da Kaduna da Jos, amma yawancin 'yan rassan ma'aikatan jirgin ƙasa ne da akawuna 'yan Kudu mazauna Sabon Gari, kuma ko su ba su da ƙuri'a, tunda sharaɗin zaman wata 12 a cikin Legas ya fitar da su. Bahaushen da zai iya jefa ƙuri'a a 1941 sai mazaunin Legas, irin manyan fataken goro da dillalan shanu, in ya yi rajista kuma samunsa ya kai fam 100. A Arewa kanta a lokacin Gaskiya Ta Fi Kwabo ba ta daɗe da cika shekara biyu da fara fita ba, kuma hankalin gwamnati yana kan yaƙi da ɗaukar soja.

Sai da tsarin mulkin Gwamna Richards ya fara aiki a Janairu 1947 Arewa ta shiga majalisar, da wakilai tara 'yan ƙasa, huɗu daga Majalisar Sarakuna, biyar daga Majalisar Wakilai ta Kaduna, cikinsu har da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Su ma ba talakawa suka zaɓe su kai tsaye ba. Tsarin Richards ya bar kujerun zaɓe a huɗun nan dai, Legas uku, Kalaba ɗaya, sai dai ya rage sharaɗin samu daga fam 100 zuwa fam 50. Zaɓen tarayya kai tsaye a duk faɗin Arewa sai a 1959, shi ma maza kaɗai.

In kana son ka ga bambancin da idon yau, ɗauki rikicin ka ɗora shi kan dokokin yanzu. Ɗan majalisar tarayya zai rubuta wa kakaki ko shugaban majalisar dattawa, a sanar da INEC, ita ta sa rana. Tsarin mulkin 1999 bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, don haka ba za a ga mutum biyu daga jam'iyya ɗaya suna neman kujera ɗaya a ranar zaɓe ba. Wanda aka hana sai dai ya sauya sheƙa. Dokar Zaɓe ta 2022 kuma ta ce wanda ya fi ƙuri'a a zaɓen fidda gwani shi za a aika wa hukuma da sunansa, kuma wanda aka zalunta yana iya zuwa Babbar Kotun Tarayya. Da wannan doka, mai 108 ne ɗan takara, al'adar cewa shugaba ke gaba ba za ta tsaya a gaban alƙali ba, kuma wanda ya ci zai ƙarasa ne zuwa 1943, ba 1946 ba.